Ranar da majigi ya tona asirin da ba ni da shi

Waɗanda suka halarci taron kwamitin Islamiyya na ranar Asabar, don Allah ku wuce kawai, kun riga kun yi dariyarku. Wannan na waɗanda labari ya iske ne ta bakin Ma'aji, don na ji yadda yake bayar da shi a teburin mai shayin Unguwar Dosa, har da ƙarin gishiri da magi.

Kun dai san laftof ɗina, baƙar tokumbon nan mai tsagaggen gefe. Ta daɗe tana nawa. In na kunna ta bayan Magariba sai in je in ci tuwo, in wanke hannu, in dawo in tarar tana nan tana juya ɗigo-ɗigon nan. To ana gobe taro, ni zan gabatar da lissafin shekara, Ciyaman kuma ya aro majigi musamman don a haska wa iyayen yara a bango. Mutuminmu na Kawo, wanda ba ya rasa maganin komai tun daga basir har ƙarar injin mota, ya turo mini wata manhaja ta WhatsApp, wai mai share rajistar Windows ce, kafin in ƙifta ido kwamfuta za ta koma sabuwa fil. Na sauke, na danna duk inda aka ce in danna. Ta duba, ta ce ta gano matsaloli sama da 3,000, da jan rubutu. Na ce ashe! Na danna gyara. Ta gyara wasu, ta ce sauran sai na biya da dala. Na ce ta riƙe sauran. Na rufe na yi barcina.

Washegari aji ya cika. An ɗaura farin zani a bango, an tayar da janareta, Liman yana gaba a kan kujerar roba, kusa da shi Yaya, wan uwargida, wanda ya taso tun daga Barnawa don yaransa biyu suna makarantar. Mata suna baya, har da ita uwargidan. Na jona waya, na kunna. Ɗigo-ɗigon nan ya fito a bango, ƙato-ƙato, yana juyawa yadda ya saba, in ma bai fi da nawa ba. Ciyaman, Allah ya saka masa, ya ce a buɗe taro da addu'a, Liman ya ja ta, ya yi wa iyaye, ya yi wa malamai, ya yi wa shugabanni, ya yi wa jihar Kaduna da Nijeriya baki ɗaya, aka shafa, abu yana nan yana juyawa.

Da ta ga dama ta buɗe, na nufi fayil ɗin lissafi. Tun a nan gabana ya faɗi, don koren tambarin Excel, manhajar da nake lissafin da ita, ya ɓace, fayil ya zama farar takarda. Na danna. Windows ta tambaye ni, a gaban jama'a, wai da wace manhaja nake so a buɗe wannan abin. Fayil ɗin da muke buɗewa ni da ita duk ƙarshen wata! Na ce bari in bi ta ƙofar gaba in buɗe Excel ɗin kansa. Ya fara wani shiri-shiri, layi ya tafi rabi, ya tsaya, ya kawo saƙon kuskure, ya rufe.

"Sakatare, lafiya?" in ji Ciyaman.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe, ɗan natawok ne."

Babu abin da ya haɗa Excel ɗina da natawok, amma a Kaduna in ka ce natawok kowa yana yi maka uzuri. Sai dabara ta zo mini: ai na taɓa tura wa kaina kwafin fayil ɗin ta imel, in buɗe shi ta birauza mana. Na kunna hotsifot a wayata, na jona laftof.

To a nan ne.

A kusurwar ƙasa ta dama wani ɗan akwati ya leƙo. A fuskar laftof bai kai kwalin ashana ba. A bango kuwa ya kai taga. Hoton wata baturiya ce, da jan baki, kai ba ɗankwali, tana murmushi tana kallon Liman ido cikin ido. A ƙasa an rubuta da Turanci wai matan da ke kusa da kai a Kaduna suna jiran ka yi musu magana. A Kaduna! Har garin ta sani.

Ajin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Na kai kibiya wajen ɗan gicciyen rufewa, wanda aka yi shi ƙarami da gangan, kibiya ta daskare. Na danna, shiru. Na sake dannawa, na sake. Kwamfuta mai nawa ba ta mantuwa, tana tara dannawar ne ta biya ka gaba ɗaya a lokacin da ta so. Tana farfaɗowa sai duk suka sauka a kan fuskar baturiyar, shafi ya buɗe, ta cika zanin tun daga sama har ƙasa, ta zo da ƙawayenta.

Liman ya ce a'uzu billahi, ya sunkuyar da kai, ya kama carbi. Daga baya na ji wata irin dariya da ake dannewa cikin hijabi, irin mai fita ta hanci. Na san muryar. Maƙwabciyarmu ce, wadda uwargida ba ta shiri da ita tun rikicin igiyar shanya. Yaya kuwa bai ce uffan ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya dubi bango, ya dube ni. Da ma zagina ya yi.

Ni kuma, maimakon in zare wayar majigi, wadda take nan kusa da gwiwata, sai na cire hulata na kifa a bakin fitilar. Hular zanna ce, saƙar tana da 'yan ƙofofi, baturiya ta ci gaba da fitowa a bango dishi-dishi cikin zanen hula, ga sanƙona a waje yana ƙyalli da gumi. Sai wani yaro ɗan aji uku, da allonsa a hannu, ya ce, "Baba, ka cire wayar mana."

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Ma'aji. Ana cikin wannan hali ya gyara zama, ya ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Sakatare, me aka rubuta ne a ƙasan? Ka fassara mana, mu ba mu yi boko mai zurfi ba." Mutumin da ya yi shekaru yana akawu a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta! Mutumin da yake gyara wa Ciyaman Turancin wasiƙa da jan biro! Da na yi shiru sai ya juya wajen Liman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina ga cewa aka yi suna jiransa." Sannan ya sunkuya, ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin benci, ya fito da shuɗin littafin nan nasa mai kauri. Ashe ya zo da shi. Ashe duk shekarar nan da aka ce an koma kwamfuta yana nan yana rubuta nasa a ɓoye, yana jiran rana irin wannan. Ya miƙe ya karanta lissafi tiryan-tiryan, kuɗin wata, kuɗin alli, gyaran rufi, har naira hamsin ɗin tsintsiya. Da ya gama ya rufe littafin a hankali ya ce, "Shi dai wannan ba ya zuwa da baƙi." Aka yi tafi. A taron lissafi aka yi tafi.

Tunda an zo wurin, bari in faɗa. Wannan bawan Allah baro na yana gidansa tun daminar da ta wuce waccan, ya ara wai zai kwashe yashi na yini ɗaya. Ina wucewa ta ƙofar gidansa ina ganin baron, har an ɗaure masa akuya a ƙafa. Ranar sunan jikansa ni na kawo kujeru da motata, ko kuɗin mai bai tambaya ba. Wayarsa rakani-kashi ce, ko hoto ba ta ɗauka, amma yanzu shi ne masanin kwamfuta na unguwa, yana gaya wa mutane wai na'ura ba ta ƙarya, abin da mutum ya saba kallo shi take kawo masa. Jiya a masallaci ya ba ni hannu ya ce, "Sakatare, ya mutanen Turai?"

Ranar Litinin na hau Keke na kai laftof ɗin wajen yaron nan mai gyara a filazar Ahmadu Bello Way, wanda shagonsa ke ƙarƙashin bene. Na ce masa nawa take yi, ban faɗi sauran ba. Yana jona ta da intanet baturiya ta fito ta gaishe shi. Bai ko yi dariya ba, ya ce, "Alhaji, ka sa mai shara ko?" Ya ce a mako sai ya ga irin wannan da yawa. Manhajar ta shigo da 'yan rakiya ne, ta cusa wa birauza wasu ƙarin abubuwa, ta kuma buɗe wa shafukan talla ƙofar turo sanarwa. Garin kuwa daga lambar intanet ɗina suke gane shi, da a Zariya na kunna da matan Zariya ne za su jira ni. Na ce ya maimaita wannan, na ɗauka a waya, saboda Yaya.

Na tambaye shi matsaloli 3,000 ɗin fa? Ya ce rajista kundi ce da Windows ke rubuta saituna a ciki: wace manhaja ke buɗe wane fayil, wane direba ke tuƙa wace na'ura, me zai tashi in an kunna. Ya ce in ɗauke ta kamar littafin bashin mai shago. Sunayen waɗanda suka tashi daga unguwa suna nan a ciki, amma ba su hana ciniki, ba su sa mai shago nawa. In ka ba yaron da bai san kowa ba ka ce ya yage duk shafin da ya ga ya tsufa, wata rana zai yage na Alhajin da ake bi kuɗin buhu goma. Yaron da ni na ba littafin, wato mai sharar, ya yage shafin da ke cewa Excel ne mai buɗe fayil ɗin lissafi, ya haɗa da wasu na Office. Yawancin abin da ta ƙirga da jan rubutu ragowar manhajojin da na cire ne, 'yan layuka marasa nauyi da ko an share su ba a jin bambanci. Ya ce Microsoft da kansu sun rubuta cewa ba sa goyon bayan amfani da irin waɗannan masu sharar, kuma ba su ɗauki alkawarin gyara ɓarnar da suka yi ba. Har ya ba ni labarin CCleaner, wadda ta fi kowacce suna a harkar, yadda a 2017 'yan kutse suka cusa muguwar manhaja a cikin wani zubinta, mutane sama da miliyan 2 suka sauke daga inda ya dace a sauke. Balle tawa da ta zo ta WhatsApp daga Kawo.

Ya nemi System Restore don ya mayar da ita yadda take kafin sharar, ya tarar a kashe yake, babu ko wurin komawa ɗaya. Dole ya cire mai sharar da 'yan rakiyarta ɗaya bayan ɗaya, ya toshe sanarwar birauza, ya sa Office ya gyara kansa.

Sannan ya ce in matso in ga nawar da idona. Ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager, shafin da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, ya buɗe. Layin faifan ajiya yana kan 100 bisa 100, ba ya sauka. Faifan tsohon yayi ne mai juyawa, irin mai zagaye 5,400 a minti, ga RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, 4GB kacal, wanda birauza kaɗai take cinye mafi yawansa. A jerin masu tashi da kunnawa akwai abubuwan da ban san da su ba, har da manhajar wani modem da na daina amfani da shi tun kafin korona. Antibairos biyu ne a ciki suna bincikar juna, alhali Windows 10 tana da nata mai gadin. Da ya kwance bayanta kuwa, abin da ya fito daga fanka ban san ko ƙura zan kira shi ko katifa ba, hunturun Kaduna ne na shekaru a dunƙule. Ya ce in ta yi zafi, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ya busa, ya sa sabon man sanyaya, ya cire faifan ya sa SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri wadda ba ta juyawa, ya ƙara RAM ya zama 8GB. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Ya ƙara da cewa Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tawa kuma ba ta da TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da Windows 11 ke nema, don haka in fara tara kuɗin wata. Na ce masa ɗaya bayan ɗaya.

Na tura wa Yaya muryar yaron. Alama ta nuna ya saurara, bai ba da amsa ba. Uwargida ta ce ita ta yarda da ni, abin da ya dame ta kawai don me sai a gaban matar nan. Mutumin Kawo ya ce wai ban sauke ta daidai ba ne, shi tasa lafiya lau, ya ma turo mini wata.

Ciyaman ya ce taro na gaba in zo da lissafin a buge a takarda, kwafi talatin, ba sai an aro majigi ba. Firintata kuma tun azumi take jan takarda biyu-biyu. In akwai mai wucewa ta layin Ma'aji da yamma, ya yi masa maganar baron.