Masu gawayi da masu sassabe, ku ji abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarku

Assalamu alaikum samarin Zuru, Wasagu, Ɗansadau, Maru da duk inda saran daji ya koma sana'a. Da ku nake ƙannena, musamman ku masu injin yanka ice da buhunan gawayi, da ku masu karɓar daji haya ku sassabe ku banka wuta ku kira tarakta. Ba zagi na zo yi ba wallahi, kowa ya san halin da ake ciki, rashin tsaro ya hana mutane gonakinsu na nesa, buhun gawayi kuwa kuɗi ne a hannu yau-yau. Amma in an faɗi dajin nan ba itatuwan kaɗai ke tafiya ba, ƙasar ma akwai aikin da take yi wanda ke tsayawa.

Akwai wata iska da ake kira metan. Ita ce ke fita daga cikin shanu in suna tuƙa, ita ce kumfar da ke tasowa in ka taka taɓon tafki, ita ce dai masu bayogas ke tarawa daga kashin shanu su yi girki. A sama tana riƙe zafi fiye da iskar kabon, wato wadda ke fita in an ƙona mai ko gawayi, kusan sau 28 in aka auna a shekara 100, a shekara 20 kuwa kusan sau 80, kuma yawanta a sararin sama yanzu ya fi ninki biyu da rabi na yadda yake kafin zamanin masana'antu. To cikin ikon Allah, a saman ƙasar daji da ba a taɓa ba akwai wasu bakteriya, ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, da abincinsu kenan. Iskar ta ratsa ƴan ƙofofin ƙasa ta shiga, su cinye ta. Masana sun ƙiyasta ƙasar tudu a duniya baki ɗaya tana shanye wajen tan miliyan 30 duk shekara, kuma ƙasar daji ce kan gaba.

Sharaɗin ɗaya ne, ƙasar ta zama mai laushi iska na shiga. Su wa ke buɗe ƙofofin? Saiwar itace, tana, gara, da ganyen da ya zuba ya ruɓe shekara da shekaru. Yanzu ka sare itacen, ka ƙone ganyen, ruwan farko ya zo ya daki ƙasa tsirara ya liƙe bakinta, tarakta ta bi ta danne, bayan kaka garken shanu ya zo ya tattake sauran, ai shikenan ƙofa ta rufe. Masu cin iskar su rasa numfashi, da damina kuma ruwa ya kwanta a wurin sai wasu ƙwayoyin na daban, waɗanda ba sa son iska, su tashi su fara ƙera metan ɗin da kansu. An auna wannan a jihar Rondoniya ta Brazil tun shekarun 1990, inda aka sare dajin Amazon aka mai da shi makiyaya: dajin yana shanyewa, makiyayar da ke gefensa tana fitarwa. A Kosta Rika ma haka aka gani, a Indonesiya kuma gonakin kwakwar manja ba sa shan abin da dajin da suka maye yake sha. Takin zamani irin su yuriya in ya yi yawa shi ma yana dakushe bakteriyar nan. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne dawowar, don ko an bar wurin ya sake zama daji sai an yi shekaru gommai kafin ƙasar ta koma yadda take. Aikin sati biyu da inji, jikanka ne zai ga gyaruwarsa.

Na san wani zai ce to Malam mu ina ruwanmu, Turawa da Caina ne suka cika sama da hayaƙi, ɗan dajin Kuyambana me zai ƙara me zai rage. Akwai gaskiya a maganar, kuma dajinmu ba Amazon ba ne. Amma ƙofar da iska ke bi ita ce dai ƙofar da ruwa ke bi. Ƙasar da ta daina shan metan ta daina shan ruwan sama kenan, sai ya gudu a kai ya kwashe taki ya tsaga kwazazzabo, in aka yi fashin ruwa na kwana goma gero ya fara naɗe ganye. Shi ya sa sabuwar gona take yi maka kyau shekara biyu uku daga nan ta koma fako kamar daɓen ɗaki, ka bar ta ka ƙara gaba ka sari wani dajin. Wannan asarar ba ta Bature ba ce, a rumbunka take.

Don Allah in za ka sassabe kar ka yi ƙarƙaf. Ka bar kaɗanya da ɗorawa da gawo a tsaye, ƙirya ma wadda kuka ƙwallafa wa rai saboda gawayinta, a yi sassaƙar reshe a bar uwar. Kututturen da ya tsiro kar ka tone shi, zaɓi tsiro biyu uku masu ƙarfi ka gyara su ka cire sauran. Maƙwabtanmu na Maraɗi da wannan dabarar suka dawo da itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980, lokacin da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aikin tare da manoma, yau ana maganar hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da an sayi irin dashe ba. Karan dawa da ganye kuma a daina cinna musu wuta haka kawai don farautar gafiya, a bar su su rufe ƙasa. Taki na gargajiya ya zama tushe, na buhu ya zama ƙari.

Ku kuma ƴan fadama na Argungu, Suru, Jega da Bakolori kar ku ce kun tsira, metan ɗinku ma ya fi yawa, don gonar shinkafa da ke kwance cikin ruwa dare da rana masana'antar metan ce, kusan kashi 8 cikin 100 na wanda ɗan Adam ke fitarwa daga nan yake. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta daɗe da fitar da hanya mai sauƙi. Ka samu guntun bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huda rabinsa na ƙasa, ka kafa a cikin fangali ka kwashe taɓon ciki. Kar ka tada injin ban ruwa sai ka leƙa ka ga ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, sannan ka cika. Lokacin da shinkafa ke fitar da kai da fure kuwa sai ka bar ruwa ya zauna kullum. Metan ɗin yana raguwa kusan rabi, amfanin gona bai ragu ba in an bi ƙa'ida, ga kuma sauƙin fetur da duk mai noman rani yake kuka da shi.