Kafin ka sake ce wa ɗan'uwanka "ɗan bayi"

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasan Katsina, maza da mata.

Makon jiya bayan sallar isha'i musun ƙwallo ya kaure a majalisarmu tsakanin samari biyu, abokan juna tun suna makarantar allo. Da gardama ta yi zafi sai ɗaya ya ce wa ɗayan, "Har kai kana da bakin magana, wanda aka sayi kakansa da buhun gero?" Aka kwashe da dariya. Wanda aka gaya wa ya yi murmushin yaƙe, ya ɗan jima, ya sa takalmansa ya tafi. Har yau bai sake zama da mu ba. Na girme su duka, kuma ban tsawatar a lokacin ba, abin yana nan yana ci mini rai.

Bari in ba ku labarin wani ɗan'uwanmu. Sunansa Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, an haife shi a Zugu, arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. Ɗa ne a gidansu, ya yi karatun allo kamar ni da ku. Yana saurayi aka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har bakin teku, a 1845 aka tura shi cikin jirgin ruwa zuwa Brazil. Abin da ya fi tunawa a cikin jirgin nan shi ne ƙishirwa da wari, mutane tsirara a cunkushe, wanda ya mutu a jefa shi ruwa. Ya yi wa wani mai gidan burodi bauta, aka sake sayar da shi ga wani mai jirgi. A 1847 jirgin ya kai kayan kofi birnin New York na Amurka, nan ya samu ya tsere. Da aka buga tarihinsa a 1854, burinsa shi ne ya komo Afirka. Ku tsaya ku yi tunanin uwar nan tamu, wadda ɗanta ya fita bai dawo ba, babu gawa balle kabari, ba ta san ko ta yi zaman makoki ko ta ci gaba da duban hanya ba.

Irinsa kimanin miliyan 12 da rabi aka ɗora wa jiragen ruwa a tekun Atalantika, kusan miliyan 2 ba su kai gaci da rai ba. Brazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5, kuma ba ta soke bauta ba sai 1888. A jihar Bahiya Hausawa ne suka shirya tawaye a 1807, aka sake tashi a 1809 da 1814. A watan azumi na 1835 Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito titunan birnin Salbado sanye da fararen riguna. Da aka murƙushe su, abin da aka tarar a jikinsu da ɗakunansu layu ne da alluna da takardun ayoyin Alƙur'ani. Mutanen da aka raba da iyaye da gari da suna, suka riƙe alwala da karatu a ƙarƙashin bulala. Ni dai ban ga abin kunya a zama jikan irin waɗannan ba. Kuma duk baƙar fatar da kuke gani a Brazil ko Haiti ko Amurka, wataƙila jininku ne yake gudana a jikinsa.

Sai dai kada mu ɗora wa Turawa laifin duka mu kakkaɓe riga. A ƙasar Hausa an saye an sayar. Ayarin da ke tashi daga Katsina ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus ba fatu da turkuɗi kaɗai yake ɗauka ba, har da mutane. Kalmomin suna nan a bakinmu, rinji, murgu, fansa, bacucane, kuyanga, ƙwarƙwara. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa baƙin fata ba dalilin bautarwa ba ne, ya lissafa Katsina da Kano da Barno cikin ƙasashen Musulmi da ba ya halatta a bautar da mutanensu. Duk da haka aka ci gaba. Ba a haramta bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, wato jiya-jiya, akwai tsofaffi masu rai da suka girmi dokar.

To wane ne bawa a wancan zamani? Wanda mahara suka riska a gona. Yarinyar da ta je ɗiban ruwa. A shekarun da ake kai hari tsakanin Katsina da Maraɗi, mutum zai kwana ɗan sarauta ya wayi gari da igiya a wuya. Kai mai gorin, kakanka bai fi nasa daraja ba, Allah ne ya sa dokin maharan ya bi ta wata hanya. In ma abin kunya ake nema, ai yana wajen wanda ya kama ɗa ya sayar. Hadisi ya zo a Bukhari cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Kuma da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ce masa ya yi har yanzu akwai jahiliyya a tare da shi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen aure. Yaro mai addini, mai sana'a, an yaba halinsa, sai a je binciken asali, wata gwaggo ta raɗa cewa "ai bayin gidan wane ne", shi ke nan magana ta mutu. Ba a faɗa masa dalili, sai dai a ce Allah bai yi ba. Ku ne iyayen gobe, 'yan'uwa. In ba ku yanke wannan igiya ba, 'ya'yanku za su gaje ta kamar yadda kuka gada. Ku yi wa manya magana da ladabi, amma ku yi.

Cinikin ma bai mutu ba. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, kuma masu safarar mutane suna tsallaka da yaranmu ta wajajen Jibiya da Kongolam, su bi tsohuwar hanyar Agadas ɗin nan, da alkawarin aiki. Duk wanda ya ce zai biya maka kuɗin mota da fasfo ka biya shi daga baya, ka gudu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Maris don tunawa da waɗanda aka bautar, da 31 ga Agusta don girmama 'yan asalin Afirka. Malamanmu na firamare da Islamiyya, don Allah ku ba yara labarin Bahiya a ranakun nan, a sa waɗanda suka mutu a teku da Sahara cikin addu'a, Allah ya jiƙan musulminsu.

Ni kuwa ranar Juma'a bayan la'asar zan je gidansu yaron nan in ba shi haƙuri. Wanda ya yi maganar ya ce zai bi ni. Sauran da kuka yi dariya a daren nan kun san kanku, mu haɗu a ƙofar masallaci mu tafi tare.