An sayo na'urorin auna yanayi, an hana kuɗin kula da su

Abin da ke ƙona rai a cibiyar binciken yanayi ta jami'a shi ne, kuɗin sayo na'ura yana fitowa, na kula da ita kuwa sai jiran gawon shanu. Kuma na'urar nan ba ta mutuwa farat ɗaya balle a farga. Tana nan tana zuba lambobi a kwamfuta, lambobin ƙarya.

Dubi ma'aunin ruwan sama mai cokali biyu. Duk sanda cokali ya cika ya kife, an ƙirga milimita 0.2. Ganye ɗaya ko kashin tsuntsu ya toshe mazurarin, sai ruwa ya taru a sama yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ruwan da aka sheƙa cikin minti 20 ya fito a rubuce kamar yayyafin rabin yini. Wanke mazurarin bai kai aikin minti biyar ba, amma wa aka ɗora wa?

Na'urar auna hasken rana ta fi ban takaici. Ƙoƙon gilashinta na son shafa kusan kullum, don ƙura na rage hasken da ke shiga. A cikinta akwai ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Idan suka sauya launi ba a canza su ba, raɓa ta kwanta cikin gilashin, awon ya tashi a banza. Masu ƙera ta sun ce a sake daidaita ta duk shekara biyu, amma je ka duba takardar shaidar daidaitawar da ke aljihun tebur ka ga shekarunta!

Ma'aunin iska kuma, ƙa'ida ita ce a kafa shi a tsayin mita 10, nesa da kowane gini da aƙalla ninki 10 na tsayin ginin. Sai a laƙa shi a jikin bene don ya fi sauƙi. Ƙura ta cinye boris ɗinsa, iska mai laushi ta kasa juya kofunan da ke auna gudunta, a rubuta sifili.

Ga batir mai bolt 12 da ke ba na'urorin wuta, wanda ake bari ya zuƙe ƙasa da 10.5 har ya lalace. Bayanan daren da ya ɗauke sun tafi ke nan, babu mai maido da iskar jiya a sake auna ta.

Da waɗannan lambobin ake tura ɗalibin digiri na biyu ya rubuta kundinsa. A sa kuɗin batir, silika, boris, daidaita awo da albashin mai gyara a kasafin kowace na'ura tun kafin a sa hannu a sayo ta.