Likita, boka da mai zane a jikin mutum ɗaya

A Turai da Amurka akwai wata sana'a da ke yaɗuwa. Mutum ɗaya ne ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam, yana koya wa mutane tattara hankali, yana kaɗa ganga ya ce ruhinsa na tafiya wata duniya kamar yadda bokayen Saiberiya da na 'yan asalin Amurka ke yi, sannan yana zanen fenti, yana kuma sa marasa lafiya su zana abin da ke cin ransu. Yaranmu na zangon Kumasi sun fara ganin irin waɗannan mutane a waya, har wasu na sha'awa. Ɗiyar maƙwabcina a Aboabo, wadda ke karatun ilimin halayya kuma Allah ya ba ta hannun zane, ta tare ni da maganar. "Kawu," in ji ta, "ai mu ma duk muna da waɗannan a gida. Me zai hana in haɗa su su zama sana'ata?" Na ce mata, "'Yata, uku daga ciki ki riƙe da hannu biyu. Na huɗun kuwa, wato bokancin, ki san masu shi, ki iya magana da su, amma kada ki ɗauke shi."

Gaskiyarta a kan cewa muna da su. Horon tattara hankalin da ake yayi yanzu, Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Masachuset, darasi na mako takwas, ya ɗebo shi daga ibadar mabiya Buda ya cire masa addini. Wanda ya taɓa zama a wazifa a nan Asawase, ko ya ja lazimi bayan Asuba, ko ya yi i'itikafi, ya san abin da natsuwa ke yi wa zuciya tun kafin a gwada ta a asibiti. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki.

Inda muka bambanta da Turawan shi ne namu ba sa ga-maciji da juna. A Kano, inda na tashi, kowa ya san hanyar da ake bi idan yarinya ta fara surutai ko ta daina barci. Da farko a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a kawo rubutu. In abin ya ƙi, wata gwaggo ta ɗauke ta a ɓoye zuwa wurin 'yan bori. Sai an gaji, kuɗi sun ƙare, ciwo ya yi nisa, sannan a tuna da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kuma a kowane mataki ana ɓoye wa na gaba inda aka fito. Likita bai san me take sha a gida ba, malam bai san an ba ta ƙwaya ba, wani ma in ya sani sai ya ce a daina.

Kumasi ta ba ni mamaki ta nan. Babban asibitin koyarwa na garin sunan Okomfo Anokye yake ɗauke da shi, bokan da Asantawa ke cewa shi ya sauko da kujerar zinariya, kuma takobin da suka ce ya kafa yana nan cikin harabar asibitin. Mutanen nan ba sa jin kunyar faɗa wa likita cewa sun je wurin boka ko wurin fasto. Mu 'yan zango muna zaune a tsakiyarsu, amma ɓoyon da na baro a Kano shi na tarar a Aboabo. Ba kuma cewa nake yi na Gana ba shi da tabo ba. A 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan masu taɓin hankali da ake ɗaure wa sarƙa a sansanonin addu'a, kuma sai a 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta hana ɗaurin. Mu ma a Najeriya muna da gidajen mari. Babu wanda ya manta mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019. A takarda dai Gana ta riga mu: dokarta ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ce, mu kuwa sai a 2023 aka sa hannu a kan wadda ta maye gurbin ta 1958.

Abin da ya fi ƙarfafa mini ra'ayi wani gwaji ne da aka yi a nan yankin Kumasi da kuma Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2020. Ba a kori masu maganin gargajiya da masu addu'a ba, ba a kuma mai da su likitoci ba. An horar da su tare da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikacin lafiya yana zuwa har wurinsu ya duba mara lafiya ya ba da magani, su kuma suna ci gaba da kula da shi. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Tun a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara makamancin wannan a Aro ta Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsu kuma ake aiki da masu maganin gargajiya. Wato abin da aka tabbatar yana aiki shi ne mutane daban-daban su san juna, kowa ya tsaya a iyakarsa, ya san lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina.

Shi kuwa mutum ɗaya mai ɗauke da komai, wa zai tsawata masa? Masanin halayya a Gana yana da majalisar da ke ba shi lasisi, tana kuma iya karɓewa in ya ci amana. Amma idan bakin da ya ce maka "bincike ya nuna" shi ne gobe zai ce "ruhohi sun gaya mini", mai ciwon da hankalinsa ke rawa ba zai iya bambance wanne ke magana ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ga mu Musulmi kuma akwai maganar aƙida, wadda ba abin wasa ba ce, kuma ba zan ba ɗiyar kowa shawarar kiran wanin Allah da sunan magani ba. Ko su 'yan borin ba sa ɗaukar abin a matsayin kwas na ƙarshen mako kamar yadda wasu Turawa ke koyonsa. Yawancinsu ciwo ne ya kai su, aka yi musu girka na kwanaki, suka ɗauki nauyin iska kamar Inna ko Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima har ƙarshen rayuwa.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata mai karatun halayya ya yi wa kansa: me mata ke samu a can da ba su samu a asibiti? Suna samun lokaci. Ana zama da su, ana kiɗa garaya ko goge dominsu, babu mai cewa laifinsu ne ko raunin imaninsu, kuma matar da ba ta isa ta buɗe baki a gidan miji ba, ranar nan kowa na saurarenta. Lokaci da kunne da jama'a ba mallakar iskoki ba ne. Ana iya ba da su a ɗakin asibiti, a makarantar Islamiyya ta matan aure, a zauren mai unguwa.

Anan ne zane ke da amfanin da muke rainawa. Turawa sun fara ɗaukarsa magani ne a shekarun 1940, lokacin da wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, yana jinyar tarin fuka ya lura cewa zane na sauƙaƙa masa da sauran majinyata. Mu mun fi su buƙatarsa, domin kunya ta ɗaure mana harshe. Bahaushiya za ta ce kirjinta na zafi, kanta na juyawa, amma ba za ta ce wa baƙo kishiya ko rashin haihuwa ne ke hana ta barci ba. Saurayin da ya dawo daga Libiya ba ya faɗin abin da ya gani a hamada, sai dai ka gan shi ya koma shan taramol. Ka ba irin waɗannan takarda da launi, hannu yakan fara faɗin abin da baki ya kasa. Wanda ke gudun zanen mai rai ma ba a rufe masa ƙofa ba. Muna da zayyanar allon sauka, muna da dagi da aska takwas na ɗinkin riga, muna da zanen lalle da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ga kuma tambarin adinkira da ake bugawa a Ntonso, nan kusa da mu. Duk wanda ya taɓa kallon mai zayyana yana jan layi da tawada ya ga yadda numfashinsa ke daidaita.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na Gana, na Akara da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu, mu a Kumasi sashe ne muke da shi a asibitin koyarwa. Saboda haka ƙofar malam za a ci gaba da fara bugawa, a Aboabo kamar yadda ake yi a Fagge. Ina roƙon limamanmu da sarakunan zango su nemi a haɗa masu ruƙiyyar unguwa da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, kowane malami ya zama yana da lambar nas ɗin da zai kira idan aka kawo masa wanda ya kwana uku bai yi barci ba. Gwajin da aka yi a Kumasi da Ibadan ya kamata a maimaita shi a Kano da Sakkwato, da malamanmu a ciki.