Mafarauci ba zai ƙarar da aladen daji ba

A shekarar 1912 aka shigo da aladen daji na Turai wani gandun farauta da ke dutsen Hooper Bald a jihar North Carolina ta Amurka, don masu hannu da shuni su riƙa zuwa harbi. Ba a daɗe ba suka fasa shinge, suka haɗu da aladen gida da ke kiwo a sake, suka yi ta hayayyafa har suka kai gandun dajin Great Smoky Mountains. Tun 1959 ma'aikatan gandun ke kashe su, sun kashe fiye da 10,000, kuma har yau ba su ga bayansu ba. Wannan dabba daban take da gadun da ke kai-komo a Yankari. Shi gadu ɗan ƙasa ne, daji ya san shi.

Ɓarnar aladen daji a hancinsa take. Garke ɗaya kan tone fili cikin dare, gari ya waye kamar an bi da garmar shanu: an cinye saiwoyi da ƙwan tsuntsaye, tabon ya gangara cikin rafi. A dazuzzukan Hawaii abin ya fi haka muni. Alade na kayar da wani tsiro mai taushin gangar jiki, ya ƙwaƙule cikinsa ya cinye, ya bar rami. Ruwan sama ya taru a ramin, sauro ya ƙyanƙyashe, sauron kuma ya yaɗa zazzaɓin cizon sauro na tsuntsaye. Da haka tsuntsayen da babu irinsu ko'ina a duniya ke ta mutuwa.

Da zarar an yi kukan ɓarna, sai ka ji ana cewa a saki mafarauta kawai. Ni dai ban yarda ba. Macen alade kan fara haihuwa kafin ta cika shekara, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, 'ya'ya biyar ko shida a ciki guda ba abin mamaki ba ne. Masana sun ƙiyasta sai an kashe kusan kashi 70 cikin 100 duk shekara kafin adadinsu ya tsaya wuri ɗaya. Mai farautar nishaɗi kuwa ƙaton namiji mai haure yake nema, ya ɗauki hoto ya tafi. Idan ya shigo da karnuka, ya kashe aladu biyu, sauran su watse, su koyi wayo, su daina kusantar tarkon da ma'aikata suka yi makonni suna zuba wa masara don kama garken gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne, mai sha'awar farauta ba ya son abin farautarsa ya ƙare. A 1982 jihohin Amurka 17 ne ke da aladen daji. Yanzu sun kai 35, adadinsu kuma ya kai miliyan 6. Ba da ƙafa suka yi duk wannan tafiya ba, a bayan mota aka kai da yawansu aka saki. Jihar Tennessee ta gane haka, a 2011 ta cire su daga jerin dabbobin farauta. Missouri ma ta hana farautarsu a filayen hukumar kare dajinta a 2016. Mafarauta sun yi ta ƙorafi, amma gaskiya na tare da hukumomin.

Inda aka yi nasara, aiki aka bayar mai wa'adi. A tsibirin Santa Cruz na California, ƙwararru daga New Zealand sun raba tsibirin da shinge, suka bi shi yanki-yanki, suka kashe aladu fiye da 5,000 tsakanin 2005 da 2006. Masu kare haƙƙin dabbobi sun garzaya kotu, ba su yi nasara ba, kuma ƙaramar dilar tsibirin da ta kusa ƙarewa ta farfaɗo. Tsibiri dai ruwa ya kewaye shi. Gandun da ke kan tudu kuwa, ko ya kashe nasa kaf, sai an hukunta mai sako wasu daga bayan mota kafin aikin ya ɗore.