Mai gyaran lambu ba ɗan ƙwadago ba ne kawai

Yana damuna yadda wasu a Yamai ke ɗaukar mai sana'ar gyaran lambu da ciyawar gida kamar lebura. Hujjarsu ita ce kowa zai iya ban ruwa. Haka ne, ɗaukar bokiti ba wuya.

Amma mutumin nan yana biyan ma'aikata, yana renon dashe a bakin kogi, ga kuma sani. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ƙasarmu kuma rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Wanda ya shayar da ciyawa da tsakar rana, ruwan zai ƙafe kafin ya wadaci saiwa. Shi ya sa gwani ke gauraya ƙasa da takin dabbobi tun kafin shuka, ya riƙa ban ruwa da asuba.