Kwana biyar a motar tafi-da-gidanka a gefen Kogin Mississippi

Jama'a, musamman 'yan uwana mazauna Amurka, akwai maganar da take cina tun da muka dawo daga tafiya, yau dai sai na faɗe ta.

Da yawanmu mun shekara goma, wasu ashirin a ƙasar nan, amma in aka ce mu lissafa inda muka sani, bai wuce wurin aiki, masallacin Juma'a, shagon da ake sayar da manja da garin tuwo, sai filin jirgi. Hutu ya zo, ko dai a haɗa kaya a tafi gida, ko a rufe ƙofa a rama barci. 'Ya'yan da muka haifa a nan kuwa, ƙasarsu ce, amma ba mu taɓa kama hannunsu mun nuna musu ita ba. Abin nan yana damuna ƙwarai, kuma ina ganin haƙƙi ne a wuyanmu.

Lokacin zafin da ya wuce muka yi hayar irin motar nan da suke kira RV, ni da uwargida da yara uku. Ni motar tafi-da-gidanka nake ce mata, don sunan ya fi dacewa da ita. A cikinta akwai gadaje, murhun gas, firji, da ɗan banɗaki mai wurin wanka. A ƙasanta tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Wannan na ukun kai da kanka za ka sa safar hannu, ka jona tiyo, ka juye shi a ramin da aka tanada a zango. Mai kuma tana shansa ba wasa, galan ɗaya da ƙyar yake kai ka mil 10. In tirela ta gifta ka sai ka ji iska ta kaɗa motar gaba ɗaya. Na faɗi waɗannan ne tun farko don kada wani ya shiga da zaton otal ne mai taya.

Amma wannan nauyin nata shi ne alherinta. Ba ta gudu, don haka dole ka bi a hankali.

Daga Minneapolis muka tashi, muka tsallaka zuwa jihar Wisconsin a garin Prescott, muka kama hanya mai lamba 35. Wani yanki ce na doguwar hanyar da ake kira Great River Road, wadda aka faro shirinta a 1938. Tana bin Mississippi tun daga tafkin Itasca inda kogin ya ɓulɓulo, har can Louisiana inda ya faɗa teku, jihohi 10, wajen mil 3,000. Alamarta wani koren allo ne mai zanen sitiyarin jirgin ruwa. Mu ɗan guntu muka ci daga ciki. Hagunka duwatsu masu tsayi lulluɓe da itatuwa, damanka layin dogo, bayansa ruwa. A Pepin kogin ya buɗe ya zama tafki, har ƙaramin ɗana ya ce, "Abba, wannan ai teku ne."

Tun da aka sa hannu a dokar gina manyan titunan tarayya a 1956, matafiya suka koma can, aka bar irin waɗannan garuruwa a gefe. Stockholm ta Wisconsin mutanenta ba su kai 100 ba. Alma kuwa tituna biyu ne kacal a miƙe, dutse ya matse ta ta baya, kogi ya tare ta ta gaba, har wasu lungunan matakala ce ake hawa da ƙafa.

A Alma ɗin ne na ga abin da ya tsaya min a rai. Akwai madatsar ruwa ta 4 a jerin waɗanda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya gina a shekarun 1930, don kogin ya riƙe zurfin ƙafa 9 da jiragen dakon kaya ke buƙata. Muna tsaye a dandamalin kallo sai ga jirgi guda yana tura kwale-kwalen ƙarfe 15, uku a jere, biyar a tsaye, an ɗaure su da igiyoyin ƙarfe. Kowanne yana ɗaukar kimanin tan 1,500, akasari masara da waken soya da za a gangara da su New Orleans. Akwatin da ake ɗaga jirgi ko sauke shi tsawonsa ƙafa 600 ne, ayarin kuma ya kusa ninka haka. Sai an kwance shi biyu. A shigar da tara, a rufe ƙofa, a rage ruwa, a jawo su waje, sannan a dawo a ɗauki sauran shida da jirgin. Fiye da awa ɗaya da rabi muna kallo, yaran da ba sa ajiye waya ko ɗaya bai tambaye ta ba. Wani dattijo Bature da ya ce ya yi aiki a kan kogin tun yana saurayi ya tsaya yana yi musu bayani dalla-dalla, yana nuna musu ma'aikatan da ke ja da ɗaure igiya cikin rana.

Na san abin da ke ran wasunku, don ni ma na tafi da shi: baƙar fata, Musulmi, mace da hijabi, a ƙauyen da kusan kowa fari ne. Ba zan ce ba a kalle mu ba. A wani gidan mai an yi mana kallon da bai yi min daɗi ba, muka biya muka wuce. Sai dai waɗanda suka yi mana sannu da zuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Kuma motar tana sauƙaƙa wa Musulmi tafiya sosai. Naman halal ɗinka yana firji, butarka da ruwan alwala suna nan, ka yi ƙasaru, ka shimfiɗa darduma a kan ciyawa kana jin ƙarar ruwa. Abin da ya hana mu barci daren farko jirgin ƙasa ne, da ke wucewa da tsakar dare yana busa ƙaho.

Ga inda nake da ja da wasu masu irin wannan tafiya. Za ka ga mutum ya cika mota da kayan abinci daga babban kanti a birni, ya shiga zango, ya jona wuta, ya kunna talabijin, gari ya waye ya tayar. Bai sayi ko burodi a garin ba, bai gaisa da kowa ba. To me ya fito yi? Garuruwan nan da 'yan watannin zafi suke rayuwa, cinikin da suka yi daga Mayu zuwa Oktoba shi ke riƙe su har sanyi ya wuce. Uwargida ce ta kafa mana doka: duk garin da muka kwana, sai mun taka cikinsa da ƙafa, mun sayi wani abu, ko tuffa ce ko cuku ko zuma. In ka sha inuwar gari, ka bar musu wani abu.

Da muka tsallaka gada daga Prairie du Chien zuwa Iowa, sai muka saki kogin muka yi yamma, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, zuwa wani gari mai suna Elkader. Mutanensa ba su fi 1,200 da 'yan kai ba, yana bakin kogin Turkey, da tsohuwar gadar dutse da aka gina a 1889. Sunan garin daga Amir Abdulƙadir na Aljeriya aka samo shi, malamin nan da ya yaƙi mamayar Faransa daga 1832 zuwa 1847. Waɗanda suka kafa garin a 1846 labarin jarumtarsa suka ji, ya burge su, suka sa wa garinsu sunansa. Shi ne kuma daga baya, a 1860, ya buɗe gidansa a Dimashƙu ya ɓoye Kiristoci lokacin da ake farautar rayukansu. Tun 1984 garin ya ƙulla zumunci da Maskara ta Aljeriya. Babbar 'yata ta daɗe tsaye a kan gadar nan, can ta ce, "Abba, me ya sa ba a taɓa gaya mana wannan a makaranta ba?" Na ce mata shi ya sa muka zo. Lokaci ne ya ƙure mana, da mun ƙarasa Cedar Rapids mun yi salla a masallacin da Larabawan Sham suka gina tun 1934.

Baɗi in Allah ya kai mu, daga Dubuque za mu ɗora, mu gangara har Cairo ta Illinois, inda kogin Ohio ya haɗu da Mississippi kamar yadda Binuwai ya haɗu da Neja a Lokoja. Iyali biyu ko uku in suka haɗa ayari, kuɗin mai da na zango kowa nasa zai biya, amma girki da tsaro da hira sun zama na tare. Duk mai sha'awa ya yi min magana kafin watan Maris, don wuraren kwana na bakin ruwa da wuri suke cika.